Tsohon ɗakin gilashi a Ingila: a gyara shi, ko a rushe a yi gini na gaske?

Da dama daga cikin 'yan uwanmu da suka sayi gida a Ingila, a Manchester ko Leeds ko Birmingham ko gefen Landan, sun tarar da wani ɗaki manne a bayan gidan, jikinsa gilashi, rufinsa roba mai haske. Konsabatri ake ce masa. Ranar da aka je duba gida yakan burge, haske ta ko'ina, ana hango lambu. Sai an tare ake sanin halinsa. A watan Yuli ba ya shiguwa don zafi, a Janairu ba ya zaunuwa don sanyi, in ana ruwan sama kuma ƙarar rufin ba ta barin a ji maganar juna. A hankali sai ya koma wurin ajiye kekunan yara da buhun shinkafa da shanyar kaya, alhali iyali na neman inda za a sauki baƙi ko falo na biyu.

Nan ne ake tsayawa tsakanin abu biyu: a kashe kuɗi a gyara wanda ke nan, ko a ɗauke shi a yi ƙarin gini na bulo. Kamfanonin sauya rufi za su ce maka rufi ne kaɗai matsalar. Magina za su ce a rushe kawai. Kowa yana tallar hajarsa ne. Abin da ya kamata ya raba gardamar abu biyu ne da ba a cika farawa da su ba: me ke ƙarƙashin ƙasa, sannan ko kana so a cire ƙofar da ke tsakanin ɗakin da cikin gida.

Dalilin da ya sa ɗakin yake haka

Asalin irin wannan gini don tsirrai aka yi shi, ba don mutane ba. Babban gidan gilashi na itatuwan dabino da ke lambun Kew a Landan, wanda aka kammala a 1848, an gina shi ne don ya kama zafin rana ya riƙe wa shuke-shuken ƙasashen zafi. Ƙananan da ke bayan gidaje sun yawaita a shekarun 1980 da 1990, lokacin da firam ɗin roba na uPVC da rufin folikabonet suka yi araha. Rufin nan faifan roba ne mai ramuka a ciki, kaurinsa milimita 16 ko 25. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu ya san abin da rufi marar kariya ke yi wa ɗaki, sai dai wannan ya fi muni, domin hasken rana ratsa shi yake yi ya sauka kan daɓe da kujeru, zafin ya rasa mafita. A Ingila da tsakar rana, rana ta kudu take karkata duk shekara, don haka ɗakin da ke fuskantar kudu ko yamma zafi ne babban ciwonsa, wanda ke fuskantar arewa kuma sanyi da danshi. A ranar 19 ga Yuli, 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby, mafi zafi da aka taɓa gani a ƙasar. Wanda ke tsara gyara yau bai kamata ya yi lissafin hunturu kaɗai ba.

Akwai kuma dalili na doka. Dokokin gini na Ingila sun yafe wa ɗakin gilashi yawancin sharuɗɗan da ake gindaya wa gini, muddin a ƙasa yake, faɗinsa bai wuce murabba'in mita 30 ba, akwai ƙofa irin ta waje tsakaninsa da gida, kuma in akwai hita a ciki, tana da makunninta da ma'auninta daban. Gilashin ne da wutar lantarki kawai dole su bi ƙa'ida. Ma'anar wannan ita ce, yawancin waɗannan ɗakuna babu jami'in da ya taɓa leƙa ramin harsashinsu kafin a zuba kankare. Wasu an yi su da kyau. Wasu kuwa a kan daɓen tsakar gida aka ɗora su.

Lissafin da ya kamata a gani kafin a sa hannu a takarda

Ana auna yadda zafi ke sulalewa ta jikin abu da wata lamba da ake kira ma'aunin U. Ƙanƙantar lambar, ingancin abin. Folikabonet mai milimita 16 yana wajen 2.4. Tsohon gilashi mai ruɓi biyu yana wajen 2.8. Tun daga 15 ga Yuni, 2022, Sashe na L na dokokin gini ya ce a sabon ƙarin gini rufi kada ya wuce 0.15, bango 0.18, daɓe 0.18, taga da ƙofa 1.4.

Ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 3, da guntun bango na santimita 60 a ƙasa, gilashi a sama. A ce cikin ɗaki digiri 20 ne, waje sifili. Ana ninka faɗin kowane ɓangare da ma'auninsa da bambancin zafin. Rufi, murabba'in mita 13, yana zubar da wat 624 (wat shi ne ma'aunin yawan zafin da ke fita). Gilashin jiki, murabba'in mita 15, wat 840. Guntun bango marar insuleshan, wato abin da ake sawa don hana zafi ratsawa, wajen wat 180, daɓe wajen 190. Jimla ta haura wat 1,800, ban da iskar da ke shiga ta bakin ƙofa da taga.

Yanzu a sa masa rufi rufaffe mai 0.15. Wat 624 ya koma 39, jimla ta sauko wajen 1,250. An rage kashi ɗaya cikin uku, amma kashi biyun suna nan, kuma mafi yawansu ta gilashin jiki suke fita. In aka sauya tagogin da na zamani masu 1.4, sai a dawo wajen wat 830. Ƙarin gini na bulo mai girma ɗaya, da ƙofar gilashi da taga daidai misali, wajen wat 330 yake zubarwa.

Wannan lissafin shi ne gaskiyar da tallan rufi ba ya faɗa. Sabon rufi yana maganin zafin bazara kusan gaba ɗaya, yana kashe ƙarar ruwan sama, yana hana ƙyallin rana a kan talabijin. A hunturu kuwa sauƙi yake kawowa, ba waraka ba. Kuma in da hitar lantarki ake ɗumama ɗakin, a tuna kuɗin yunit na lantarki ya kai kusan ninki huɗu na gas.

A haƙa rami tukuna

Kafin a kira kowane kamfani, a haƙa ramin gwaji a waje, jikin guntun bangon, kusa da kusurwar da ta fi nisa da gida. Faɗin santimita 60 ya isa. A bi a hankali da shebur saboda bututu da waya, har a kai ƙarƙashin kankaren. A auna zurfinsa daga saman ƙasa, a auna kaurinsa, a duba irin ƙasar da yake zaune a kai, a ɗauki hoto da tef a ciki, a mayar da ƙasar a ranar. Aikin awa biyu ne, amma yana iya hana asarar fam dubu goma.

Harsashin tsofaffin ɗakunan gilashi sau da yawa bai wuce santimita 30 zuwa 60 ba. Gini na gaske a ƙasa mai yumɓu kan buƙaci wajen mita ɗaya, kusa da manyan itatuwa kuma yana iya kaiwa mita biyu ko fiye. Yumɓu, irin wanda ke ƙarƙashin Landan da kudu maso gabashin ƙasar, yana ƙanƙancewa in ya bushe, yana kumbura in ya sha ruwa. Harsashi marar zurfi yana hawa da sauka tare da shi, alhali babban gidan yana tsaye. Shi ya sa ake ganin tsaga daidai inda ɗakin ya haɗu da bangon gida, mai faɗi a sama, siririya a ƙasa. Ƙofar da ke cijewa a ƙarshen bazara ta saki a hunturu ita ma alama ce. Tsagar da ta kai milimita 5, ko wadda ke ƙaruwa, injiniyan gini ake kira mata, ba mai sayar da rufi ba.

Nauyi ne ya sa wannan ya zama dole. Folikabonet wajen kilo 3 ne a murabba'in mita. Gilashi mai ruɓi biyu na milimita huɗu-huɗu kilo 20 ne. Rufi rufaffe, ko da na tayil marar nauyi ne, in an haɗa ƙarafa da katako da insuleshan da silin, yakan kai kilo 30 zuwa 40, sannan ga dusar ƙanƙara, wadda a da zafin da ke fita ta rufi ke narkar da ita, yanzu kuwa za ta zauna. Wannan nauyin a kan firam ɗin tagogi zai sauka. Firam ɗin uPVC mai kyau yana da ƙarfe a cikinsa. A ɗora maganaɗisu mai ƙarfi a jikinsa, in ya kama akwai ƙarfe. In bai kama ba, ko dai alminiyam ne a ciki ko babu komai, sai an huda ƙaramin rami an duba. Firam marar ƙarfe yana lanƙwasa a hankali, ƙofofi su daina rufuwa, gilashi ya fara tsagewa daga kusurwa.

Hanyoyin gyara, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

In zafi ne kawai damuwar, kuma ba a son ɗakin sai daga Afrilu zuwa Oktoba, ƙananan gyare-gyare sun isa. Zafi sama yake taruwa, don haka tagar rufi mai buɗuwa guda ɗaya ko biyu, tare da taga a buɗe a ƙasa, tana jan iska fiye da kowace fanka. Akwai leda mai mayar da hasken rana da ake mannawa a gilashi, da siraran faifai masu sheƙi da ake zurawa cikin ramukan folikabonet. Labule na ciki yana rage ƙyalli, amma zafin ya riga ya shigo kafin ya tare shi, inuwa ta waje ta fi shi aiki nesa ba kusa ba. Gilashin da ya yi hazo a tsakiyarsa, bakinsa ne ya buɗe, danshi ya shiga. Ana cire shi a sa sabo ba tare da taɓa firam ba. A sauya robobin bakin ƙofa da taga, a share indararo, musamman wanda ke tsakanin rufin da bangon gida, domin ganye na toshe shi ruwa ya koma ciki.

Mataki na gaba shi ne rufin gilashi na zamani mai tare zafin rana. Amfaninsa haske yana nan, ƙarar ruwa ta ragu, kuma ɗakin yana nan a matsayinsa na doka. Ma'auninsa yana wajen 1.0 zuwa 1.2, wato rabin asarar folikabonet, amma ninki bakwai na rufi rufaffe. Ga mai son shuke-shuke da hasken hunturu, wannan ne zaɓin da ya dace.

Akwai wata hanya da ake tallatawa da araha wadda ya kamata a yi hattara da ita: a bar tsohon rufin a wurinsa, a kafa katako a ƙarƙashinsa, a shimfiɗa insuleshan, a rufe da silin na roba ko filasta, wani lokaci ma a ɗora tayil a kan tsohon rufin daga waje. Araha ba ta ado. Tururin cikin ɗaki yana ratsa silin ya tarar da folikabonet mai sanyi, ya koma ruwa, ya jiƙa katakon a inda ido ba ya gani. Bayan hunturu biyu ko uku sai baƙin tabo ya fito a silin, ga warin ruma. In tsohon rufin ya fara yoyo, ba za a sani ba sai ɓarna ta yi nisa. Sandunan da ke riƙe da rufin kuma ba a yi su don ƙarin nauyi ba. Gidajenmu ma sun fi shiga wannan haɗarin, saboda yawan girki mai tururi da shanya kaya a cikin gida.

Sauya rufi na gaskiya daban yake. Ana kwance tsohon gaba ɗaya har bim, wato doguwar sandar da ta zagaye saman tagogi tana ɗauke da rufin. A kafa sabon bim na alminiyam ko katako, in firam ɗin ba shi da ƙarfi a tsayar da ginshiƙan ƙarfe a kusurwoyi su kai nauyin ƙasa. Sai sanduna, sai allunan insuleshan masu kauri da jimlarsu kan kai milimita 150, ledar tare tururi ta ɓangaren ciki da aka manne duk mahaɗarta, katako, shimfiɗa mai numfashi, tayil. A mahaɗar rufi da bangon gida ana yanka layin siminti a cusa dalma, ba a shafa gam a tafi ba. In bangon gidan mai rami ne a tsakiya kuma yana shan ruwan sama da iska, a tambaya ko akwai farantin da ke tare ruwan cikin ramin ya fitar da shi sama da rufin, rashinsa ne ke kawo laima a saman ƙofar ciki. Aikin kan ɗauki kwana uku zuwa mako guda.

Irin wannan aiki yana buƙatar amincewar masu duba gini, na kansul, wato ƙaramar hukuma, ko kamfani mai rajista, da takardar kammalawa a ƙarshe. Duk kamfanin da ya ce ba sai an yi ba, a sallame shi.

Abu ɗaya da ake nadama a kai bayan rufi rufaffe shi ne duhu. Falon da ke ciki, ko kicin, ta cikin ɗakin gilashin yake samun haske. Da an rufe sama sai ya zama ana kunna fitila da rana. Kafin a yanke shawara, a shimfiɗa tamfol a kan rufin na kwana biyu a ga yadda cikin gida zai kasance. In ya yi duhu, a sa tagar rufi biyu kusa da bangon gida, ko a bar layi biyu na gilashi a cikin rufin.

Sai daɓe, wanda kamfanonin rufi ba sa ambata, mu kuwa ya shafe mu fiye da Turawa. Mu a ƙasa muke zama, a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, yara kuma ba takalmi suke yawo. Kankare marar insuleshan da aka lulluɓe da tayil yana zuƙe ɗumin jiki ko da iskar ɗakin ta yi ɗumi. In daɓen ɗakin ya fi na cikin gida ƙasa da santimita 7 ko fiye, ana iya shimfiɗa leda, allon insuleshan na milimita 50, katako na milimita 18 ko 22, sannan kafet. In tsayinsu ɗaya, babu wurin ƙari sai an fasa daɓen an haƙa. Wanda ya kai ga fasa daɓe, bayan ya sauya rufi da tagogi, ya tsaya ya tambayi kansa me ya rage na tsohon ɗakin ban da harsashin da shi ne mafi rauni.

Maganar ƙofa

Mutane da yawa abin da suke so a zahiri shi ne a buɗe bango, kicin da sabon wurin su zama fili ɗaya, uwargida tana girki tana ganin yara. To da zarar an cire ƙofar da ke tsakani, ko aka jawo bututun hitar gida zuwa ɗakin ba tare da makunni daban ba, rangwamen doka ya faɗi. Ɗakin ya zama ƙarin gini, kuma za a auna shi da ma'aunin ƙarin gini. A ƙa'ida, faɗin gilashi a ƙarin gini bai kamata ya wuce kashi 25 cikin ɗari na faɗin daɓensa ba, a haɗa da faɗin ƙofa ko tagar da ginin ya rufe. Ɗaki mai murabba'in mita 12 da gilashi 15 ya wuce wannan nesa. Akwai hanyar da ƙwararre zai yi lissafin gidan gaba ɗaya ya nuna an rama asarar a wani wuri, kamar ƙara insuleshan a saman silin, amma ba kullum take ɓullewa ba. Ko da doka ta bari, sanyin ɗakin zai kwararo cikin gida, boila, wato na'urar da ke ɗumama gida, ta yi ta aiki.

Don haka hukuncin a nan a fili yake. Mai son fili ɗaya buɗaɗɗe, ko kicin, ko banɗaki, ko ɗakin kwana na tsoho ko baƙo, ƙarin gini yake buƙata. Wanda ƙofa a rufe ba ta dame shi ba, ma ta yi masa daidai don baƙi maza su zauna ba tare da an shiga cikin iyali ba, gyara na iya isar sa.

Abin da ƙarin gini ya ƙunsa

Izini iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Na farko izinin tsara gari, wanda ya shafi girma da kamanni da maƙwabta. Na biyu dokokin gini, waɗanda suka shafi ƙarfi da ɗumi da lafiya. Ana iya tsallake na farko, ba a tsallake na biyu.

A Ingila ana iya yin ƙarin gini marar bene a bayan gida ba tare da neman izinin tsara gari ba in bai wuce mita 3 daga asalin bangon baya ba ga gidan da ke manne da na maƙwabci, ko mita 4 ga wanda ke tsaye shi kaɗai. Tsayinsa kada ya wuce mita 4, in kuma yana cikin mita 2 daga iyaka, bakin rufinsa kada ya wuce mita 3. Gine-ginen da aka ƙara duka kada su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da asalin gidan. Ana iya kaiwa mita 6 ko 8 ta hanyar sanar da kansul tun farko: ta rubuta wa maƙwabta, a ba su kwana 21, ita kuma ta amsa cikin kwana 42. Awon daga asalin bango ake yin sa, wato yadda aka fara gina gidan ko yadda yake a ranar 1 ga Yuli, 1948, ba daga bakin wani ƙari da mai gidan baya ya yi ba. Fulat ba shi da wannan dama, gidajen tarihi da unguwannin da aka keɓe don adana kamanninsu suna da ƙarin sharuɗɗa, wasu sababbin rukunin gidaje ma an cire musu damar tun wajen ba da izinin gina su. Sukotland da Wales kowacce da nata dokokin. In sai an nemi cikakken izini, kuɗin takardar ya haura fam 500 tun Afrilun 2025, amsa kuma kan ɗauki mako takwas. Ko ba a buƙatar izini, yana da kyau a nemi takardar shaidar halaccin ginin daga kansul.

Abubuwa biyu ne suka fi tsayar da aiki bayan an fara. Ɗaya magudanar ƙazanta. Tun Oktoban 2011 bututun da ke ɗaukar ruwan gida fiye da ɗaya ya koma hannun kamfanonin ruwa, kuma a jerin gidaje sau da yawa ta bayan gida yake bi, daidai inda za a yi ginin. Gini a kansa ko cikin mita 3 da shi sai da yardar kamfanin. A ɗaga kafet ɗin tsohon ɗakin a duba, ba abin mamaki ba ne a tarar da murfin rami da aka binne, wanda dole a fitar da shi waje. Na biyu maƙwabci. Dokar katangar tarayya ta 1996 ta ce in za ka haƙa cikin mita 3 da gininsa kuma ramin ya fi harsashinsa zurfi, sai ka ba shi sanarwa a rubuce wata guda kafin farawa, in aikin ya taɓa bangon da kuka haɗa kuma wata biyu. In bai amince a rubuce ba, sai an ɗauki safiyo, kuma yawanci mai ginin ne ke biya. Sallama da zane a hannu kafin takarda ta isa tana rage wannan kuɗin sosai.

Aikin kansa a jere yake: kwance tsohon ɗaki da fasa daɓensa, haƙa harsashi, jami'i ya duba ramin kafin kankare, bulo har zuwa ledar tare danshi wadda dole ta kasance santimita 15 sama da ƙasar waje, sannan daɓe mai tsakuwa da leda da insuleshan na wajen milimita 100 da kankare. Bango ruɓi biyu ne, jan bulo a waje, bulo marar nauyi a ciki, tsakaninsu rami da a yanzu kan kai milimita 150 cike da insuleshan. In za a buɗe bangon gida, injiniya ne zai lissafa bim ɗin ƙarfe da matashin kankaren da zai zauna a kai, ba a barin birkila ya ƙiyasta da ido. In daɓen tsohon gidan na katako ne, ramukan shan iska da ke ƙasan bangon baya kada a toshe su, a jawo su da bututu ta ƙarƙashin sabon daɓe zuwa waje, in ba haka ba katakon zai ruɓe. In bututun hayaƙin boila ta wannan bangon yake fita, dole a matsar da shi, kuma wanda ke cikin Gas Safe, wato rajistar ma'aikatan gas ta hukuma, shi kaɗai zai taɓa shi. Wannan batun rai ne. Daga haƙa zuwa fenti a sa ran mako 10 zuwa 14, ban da watannin zane da takardu.

Kuɗi

Farashi yana bambanta da gari da shekara, amma ga ɗaki mai murabba'in mita 12 kimanin lissafin 'yan shekarun nan haka yake. Ƙananan gyare-gyare, daga ɗaruruwan fam zuwa dubu biyu. Rufi rufaffe da takardunsa, wajen fam 8,000 zuwa 15,000. Rufi da sababbin tagogi da ƙofa a kan tsohon tushe na iya kaiwa 20,000 ko fiye. Ƙarin gini kan kama daga fam 2,000 zuwa 3,000 kowane murabba'in mita, a Landan ya fi haka, kuma ƙaramin gini ya fi tsada a kowace mita. In an haɗa rushewa da mai zane da injiniya da kuɗin dubawa da harajin VAT na kashi 20, kaiwa 40,000 ba baƙon abu ba ne. A ware kashi 10 zuwa 15 a gefe, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an haƙa ake sanin sa.

Wurin da ake yin asara shi ne tsakiya. Fam 10,000 a kan ɗaki mai harsashi mai kyau da firam mai ƙarfi da bai wuce shekara 15 ba, kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. Fam 22,000 a kan ɗaki mai shekara 30 da harsashin santimita 30 a cikin yumɓu, rabin kuɗin gini ne aka biya aka samu abin da ba gini ba, wanda masu kimanta gida ma ba za su lissafa shi kamar cikakken ɗaki ba. In kuɗin ƙarin gini bai samu ba yanzu, gara a yi ƙananan gyare-gyaren, a rufe ƙofa a hunturu, a ci gaba da tari, da a bi bashin biya a hankali da kamfanonin rufi ke miƙowa, wanda sau da yawa akwai ruwa a cikinsa. Haka nan wanda ke shirin sayar da gidan cikin shekara biyu ko uku, da wuya ƙarin gini ya mayar masa da kuɗinsa, musamman a unguwar da farashin gidaje ke da iyakar da ba ya wucewa.

Ko wanne aka zaɓa, a karɓi farashi a rubuce daga wurare uku, kowanne ya fayyace ma'aunin U na rufi da gilashi, wa zai nemi amincewar masu duba gini, da me zai faru in harsashi ya buƙaci ƙarin zurfi. A biya kashi-kashi bayan kowane mataki, kada a ba da kaso mai yawa tun ba a sauke kaya ba. A sanar da kamfanin inshorar gida kafin a fara, in gidan na haya mai dogon zango ne kuma a nemi yardar mai ƙasa. Kason ƙarshe a riƙe shi har takardar kammalawa da ta aikin lantarki su shigo hannu, domin su ne lauyan mai saye zai fara tambaya ranar da aka tashi sayar da gidan, kuma tun Oktoban 2023 kansul na da shekara 10 ta bi aikin da ya saɓa wa dokokin gini ta sa a gyara ko a kwance.